Sunan da Aina'u Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

A Rijiyar Ɗinya, wani ƙauye da ke tsakiyar gonakin Tofa, in ka ce wa Inna Aina'u gari ya waye, sai ta leƙa waje ta gani da idonta. Ba sharri ake mata ba, haka take. In ta je kasuwar Dawanau sayen kalwar da take daddawa da ita, ba ruwanta da abin da ke bakin buhu. Sai ta zura hannu har gwiwa, ta ɗebo ta ƙasa, ta shinshina, ta ciji ƙwaya ɗaya, sannan ta kalli mai kayan ido cikin ido. 'Yan kasuwa suna hango ta suke taɓa juna, su ce ga kwastan nan ta iso. In maƙwabciya ta yaba mata zane, sai ta wuni tana tunanin me matar take nema. In aka gaishe ta da fara'a fiye da kullum, ranar ba za ta bar ƙofarta a buɗe ba.

Masu ƙananan shekaru sun ɗauka da halin aka haife ta. Manya sun san ba haka ba ne, amma ba sa son tayar da maganar, domin in aka bi ta daki-daki, har da su a ciki.

Da, Aina'u mace ce mai raha. Ita da Badaru, ƙanin mijinta, in suka fara wasan matar wa da ƙanin miji, sai gidan ya cika da dariya. Ya ce daddawarta ce ta kori ɓerayen unguwa, ta ce ai shi ya sa shi kaɗai ya rage. Ta haifi 'ya'ya huɗu, uku suka koma tun suna goye, ɗaya ya tsaya mata, shi ne kuma na farin. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa gaban mutane, ba ta shiga faɗansa. Wasu matan suna sassautawa, amma Aina'u ta riƙe abin da hannu biyu, ga shi kuma sunan surukinta aka sa wa yaron, kunyar ta zama biyu. A bakinta shi "yaron nan" ne, mijinta kuma "mai gidan". Ko mata sun tsokane ta a wajen daka, sun kewaya ta nan sun kewaya ta can don ta yi suɓul da baka, ba su taɓa cin nasara ba. Tana alfahari da wannan, ba ta ɓoyewa.

Da yaron ya kai shekara shida, mai gidan yana kudu wajen ci-rani, ya aiko cewa a sa shi a boko. A lokacin babu makaranta a Rijiyar Ɗinya, sai a wani gari mai tafiyar awa guda, kuma babu wanda ke kai ɗansa can, kowa yana son hannu a gona. Badaru ya ce shi ba zai bar noma ya je rakiyar shirme ba. Aina'u ta yafa mayafi ta kama hannun yaron suka tafi.

Hedimasta ya buɗe babban littafi ya tambayi sunan yaro. Aina'u ta sunkuyar da kai. Ya juya ga yaron, shi kuwa tun da ya ga bulala a kan tebur ya ƙanƙame zanen uwarsa, ko tari bai yi ba. Ya tambayi sunan mahaifinsa, ta ƙara sunkuyawa. Mutumin yana da layi a waje, ga rana ta yi. Ya ce to a wane wata aka haife shi, ta ce a Sha'aban. Ya ce daga ina suke, ta ce ƙasar Tofa. Ya rubuta abin da ya rubuta, ya ce na gaba ya shigo. Haka yaron ya fito daga ofis ɗin da suna Sha'aban Tofa.

Da mai gidan ya dawo ta gaya masa, ya yi dariya har da hawaye, ya ce sunan boko ai na boko ne, a bar musu kayansu. Sunan ya bi yaron daga firamare zuwa sakandaren kwana, daga can zuwa jami'a a birni. A ƙauye kuwa babu wanda ya taɓa jin sa, da sunan yanka ake kiransa. In ya zo hutu yakan zauna kusa da ita tana mulmula daddawa, ya ce, "Inna, ke kaɗai ce kika raɗa suna ba rago." Sai ta kai masa duka da bayan hannu, ta ce yaron nan ba shi da kunya. Mai gidan ya rasu yaron yana shekarar farko a jami'a, ya zama su biyu kaɗai suka san zancen.

Duk komawa makaranta sai ta cika masa akwati da daddawa, duk da yana roƙonta ta rage, wai kayansa har littattafai sun ɗau wari. Ba ta taɓa ragewa ba.

Sai shekarun nan suka zo da bindiga da bom suka hana mutane sakewa, aka wayi gari yaƙin da ake ji a rediyo ya iso har birni. Wata Litinin, ƙarshen damina, Aina'u tana shanya a tsakar gida, rediyo ta katse waƙa ta ce 'yan bindiga sun shiga jami'a, sun buɗe wuta a ɗakin karatu. Aka rufe hanyoyi, aka hana fita. Waɗanda ba a samu danginsu ba aka yi musu sutura a can birni, tunda ba a ajiye gawa. Ranar Laraba aka karanta sunaye, mutum ashirin da uku. Duk ƙauyen an kewaye rediyo, domin kowa ya san ɗan gidan yana can. Aka karanta aka gama, mutane suka yi hamdala, ba su ji nasa ba. Aina'u kuwa tun a suna na bakwai ta ji an kira shi.

Ba ta yi kuka gaban mutane ba, uwar ɗan fari ba ta yi. Ta lallaba zuwa bakin zauren Badaru, wanda yanzu shi ne babba a gidan, ta tsaya daga gefe ta ce, "Na bakwai ɗin nan, yaron nan ne." Ta ba shi labarin hedimasta a gajarce, tana kewaye-kewaye, domin ko a ranar bakinta bai iya miƙewa a kan maganar ɗan fari ba. Badaru ya ce shi ya riƙe ƙafar ragon sunan yaron, ya san sunan da liman ya raɗa, ta je ta kwantar da hankalinta, firgici ne.

Da aka buɗe hanya Badaru ya tafi birni da kansa. A nan ne aka yi kuskuren da ya cinye shekara goma sha biyu. Ya je ofishin jami'a ya ba da sunan yanka da sunan wansa, aka duba cikin waɗanda suka rasu babu, cikin masu rauni babu. Aka duba cikin ɗalibai gaba ɗaya, aka ce masa ba su taɓa yin ɗalibi mai wannan suna ba. Ɗayan sunan kuwa ko ambatarsa bai yi ba, ya ɗauke shi sambatun mace mai ruɗewa. Ya dawo gida fuska a murtuke. Bayan kwana huɗu wasu mutum biyu suka zo da mota da littafin rubutu, suka yi tambayoyi a kan saurayin da aka ce ya ɓace ranar harin, suka ɗauki akwatin takardunsa suka tafi da shi. Rabin ƙauyen yana tsaye yana kallo.

Ai kuwa ba a kwana biyu ba labari ya haɗu. Yaro shekara huɗu yana cewa yana jami'a, jami'a ta ce ba ta san shi ba. Ya ɓace ranar da aka yi harbi. Hukuma ta zo ta kwashe kayansa. To in ba ya cikin waɗanda aka harba, yana cikin su wa? Babu wanda ya faɗa da ƙarfi, kowa dai ya faɗa wa na kusa da shi. Waɗanda yaron ya rubuta wa wasiƙu kyauta su ne suka fara tuna cewa dama shirunsa ya yi yawa.

Ba a shimfiɗa tabarma ba, ba a yi zaman makoki ba. Liman ya ce ba a yi wa wanda ba a tabbatar da mutuwarsa ba, kuma a fiƙihu yana da gaskiya. Aina'u ta sake zuwa wajen Badaru sau ɗaya, ya ce mata uwa ce, kowace uwa haka za ta ce. Daga ranar wasa ya mutu a tsakaninsu. Kusan shekara guda matan ƙauyen suka daina aiko sayen daddawa, sai daga baya da miyarsu ta yi lami suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowace tana yi kamar ba a yi komai ba. Ta sayar musu. Amma tun daga lokacin ta koyi zura hannu har ƙasan buhu, ba a kalwa kaɗai ba. Abin da ya fi ci mata rai ba tsegumin ba ne. Shekara goma sha biyu, babu mahaluƙi ɗaya da ya tsaya a gabanta ya ce Allah ya jiƙansa.

Bana, ana cikin yankan gero, wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidan. Wata mace ta fito, ba ta wuce talatin da 'yan kai ba, da hijabi da jaka da, Allah ya sawwaƙe, littafin rubutu. Ta yi sallama ta durƙusa ta gaida Aina'u, ta ce sunanta Zakiyya, tana koyar da tarihi a jami'a. Ta ce duk shekara suna taron tunawa da waɗanda aka kashe a ɗakin karatun nan, kuma duk ɗalibin da ya shigo sabo sai an koya masa abin da ya faru. Sun gano dangin mutum ashirin da biyu, saura ɗaya, wani Sha'aban Tofa. Sun bi takardunsa baya-baya har zuwa tsohon littafin firamare, inda hedimasta, Allah ya jiƙansa, ya rubuta da jan biro a gefe cewa uwar ta ƙi faɗin suna, mai daddawa ce daga Rijiyar Ɗinya.

Aina'u ta gane sunan nan take. Amma ta ga littafi, ta ga mota, ta tuna waɗancan biyun ma da sallama suka shigo. Ta ce masu daddawa a garin nan sun fi goma. Zakiyya ta ce ta tambaya, an ce mata shekara talatin baya ita kaɗai ce. Aina'u ta ce to waɗanda suka gaya mata su ba ta sauran labarin. Ko ruwa ba ta kawo mata ba, abin da ba ta taɓa yi wa baƙo ba.

Kwana uku tana jujjuya abin tana tuƙa kalwa a tukunya. Me ya sa sai yanzu? Wa ya aiko ta? In sun haɗa sunan can da na nan, me za su yi da shi? Ta kai ga cewa dabara ce: an rasa hujja a kan yaron, an turo mace mai sanyin murya don uwa ta ba da da bakinta. Badaru kuma da nasa zargin. Shi a ganinsa duk motar da ta zo daga birni da takarda, gona take nema, haka aka yi wa mutanen Bacirawa, yau ga gidaje a inda ake noma dawa. Ya ce kada ta kuskura ta dangwala yatsa a kan komai. Karon farko ke nan cikin shekaru da suka yarda a kan abu ɗaya, kowa da dalilinsa.

Zakiyya ta dawo ranar Asabar, wannan karon a keken adaidaita-sahu, ba jaka ba littafi. Aina'u ta lura, ta kuma ƙara zargi, ta ce a ranta yarinyar nan ta iya aikinta. Ta bar ta a zaune a tabarma ta ci gaba da daka. Can da ta ga ba ta da niyyar tashi, sai ta jingine taɓarya ta ce, tunda sun san mutumin nan nasu haka, da wane hannu yake rubutu?

"Bahago ne, Inna," in ji Zakiyya.

Aina'u ta ce wannan ana iya gani a takarda. Zakiyya ta ce ita ba a takarda ta san shi ba, ajinsu ɗaya. Ta ce kujerarsa tana gaban tata, kuma Allah ya yafe musu, Mai Daddawa suke kiransa, don ko ya wanke riga sau uku sai ka ji warin. In ya dawo daga hutu yakan rarraba musu, wai uwarsa ba ta jin magana, in bai rabar ba, ba za a iya kwana a ɗakinsu ba. Ta ce mahaifiyarta har yau in miya ba ta yi mata ba sai ta ce ina irin ta yaron nan na Tofa, mai ɗan yaji-yaji a ƙarshe.

Aina'u takan sa 'yar citta kaɗan a daddawar da za ta ba shi, ita kaɗai, ba ta sa wa ta sayarwa. Sai ta yi tambayar da ta shekara goma sha biyu tana ɗauke da ita, kuma da ta fito, a kaikaice ta fito.

"Ranar, a ta ina yake?"

"A gabana yake, Inna. Yana zaune yana rubutu, kamar kowa. Ni na faɗi ƙarƙashin benci, shi bai samu ya faɗi ba."

Aina'u ta shiga ɗaki ta jima. Da ta fito, ta fito da kwanon ruwa.

Kada a ɗauka daga nan zargin ya tafi. Ta yarda da daddawa, ba ta yarda da jami'a ba. Zakiyya ta bayyana mata yadda taron yake: akwai allon dutse da aka sassaƙa sunayen, ana kiran kowane suna, wani daga dangi ya miƙe ya faɗi cikakken sunan mamacin da na mahaifinsa, jama'a su yi masa addu'a. Shekara goma sha ɗaya in aka zo na bakwai sai a yi shiru a wuce. Ta ce in Inna ta ba ta sunan na gaskiya, za a gyara allon. Ta san al'ada, ba sai ta faɗa da baki ba, wani ya rubuta a takarda ya isa. Aina'u ta ce takarda ce ta ɓatar da shi tun farko, ba za ta sake damƙa shi ga takarda ba. Zakiyya ta ce to Malam Badaru ya faɗa a madadinta. Aka kira Badaru, ya saurara yana shafa gemu, ya ce shi ba ya shaidar abin da bai gani ba, bahagwai sun yi yawa a duniya, masu cin daddawa kuma sun fi su. Amma zai raka ta, don kada a ce matar wansa ta shiga birni ita kaɗai, kuma don ya ga inda za a ɓullo da maganar gona.

Ranar taron suka isa da hantsi. Aina'u ba ta taɓa taka jami'ar ba, ko lokacin da yaron yake ciki, don uwa ba ta bin ɗan fari makaranta. Tun daga ƙofa take ƙirga masu kaki. Aka ba ta ruwan roba, ta duba murfin ko an taɓa buɗewa, ta riƙe shi a cinya ba ta sha ba. Aka nuna musu kujerun gaba, ta zaɓi ta bakin hanya. Da ta ga mai ɗaukar hoto ya nufo ta sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Badaru ya raɗa mata cewa ga na'urar gidan rediyo can, kai tsaye ake watsawa, ta kula da bakinta, duk Rijiyar Ɗinya na ji. Ta ce ta gani tun kafin ya gani.

Ɗakin karatun ne da kansa. An yi masa fenti, an sa sababbin tagogi, amma an bar bango ɗaya yadda yake, da ramukansa. Manya suka yi jawabai, rabinsu da Turanci, ta saurara da kunnen mai neman inda za a soko maganar da aka ɓoye, ba ta samu ba. Sai ɗalibai ashirin da uku suka jeru, 'yan shekarar farko, kowane an ba shi mamaci ɗaya ya binciko rayuwarsa. Wannan ta ce tata tana son zama malamar asibiti, tana tsoron kyankyaso. Wancan ya ce nasa yana gyaran waya don ya riƙe kansa. Da aka zo na bakwai, wata doguwar yarinya ta ce nata bahago ne, yana karatun aikin gona, ya rubuta a littafinsa cewa yana so ya gano abin da ke sa ɗorawa ta daina 'ya'ya a ƙasarsu, don uwarsa ta daina zuwa Dawanau sayen kalwa. Ta ce ba su san sunan mahaifinsa ba. Badaru ya daina shafa gemu.

Sannan aka fara kiran sunaye. Na farko, wani tsoho ya miƙe ya faɗa, ɗakin ya amsa da addu'a. Na biyu, wata mata da goyo. Aina'u tana bi da yatsunta a ƙarƙashin mayafi. Tana jin yadda iyaye suke furta sunayen, wasu da ƙarfi, wasu da ƙyar, ta kuma lura akwai uwaye irinta da suka turo ƙanne ko kawunnai su faɗa. Hanyar a buɗe take, babu mai ganin laifinta. Ta saci kallon Badaru, ta ga idonsa a kan ramukan bango, leɓensa yana motsi amma bai shirya ba. Ta san shi, sai ya kwana uku yana jujjuyawa kafin ya sauko, na bakwai kuwa ba zai jira kwana uku ba.

Kuma ko da ya shirya, ta ga ba nasa ba ne. Ba Badaru ne ya sunkuyar da kai a gaban hedimasta ba. Ta yi shiru ranar don a ce tana da kunya, aka kuma ce, ta ji daɗi. Yaron ne ya ɗauki shirun ya yi yawo da shi shekara goma sha shida, aka binne shi da shi, aka zage shi a kansa.

"Sha'aban Tofa," in ji mai kira. Ya saba, har ya ɗaga kai zai wuce zuwa na takwas.

Aina'u ta miƙe. Robar ruwan ta faɗi ta gangara, ba ta bi ta kai ba. Zakiyya ta kawo mata abin magana, ta kalle shi da zargi kamar yadda take kallon komai, sannan ta karɓa. Ta sauke mayafin daga fuskarta. Ta buɗe baki, babu abin da ya fito, domin harshen bai san hanyar ba. Shekara talatin da huɗu tana jin sunan a bakin kowa, ba ta taɓa jin sa a nata ba.

"Ba sunansa ke nan ba," ta ce. "Ni na jawo aka rubuta haka. Ɗana ne na fari." Ta gyara riƙon abin maganar. "Sunansa Ja'afaru. Ja'afaru Abdulkabir, na Rijiyar Ɗinya."

Ta faɗi na ɗan, ta faɗi na suruki, ta faɗi na miji, duk a numfashi ɗaya, gaban maza, a rediyo. Ɗakin ya amsa da addu'a kamar yadda ya amsa wa shida na baya, ba ƙari ba ragi, kuma abin da take nema ke nan, a yi masa kamar kowa. Ta zauna. Sai a lokacin kukan ya zo, ba ta kuma ɓoye shi ba, abin da za a ɓoye ya riga ya ƙare.

Da suka sauka a bakin ƙauye, la'asar ta yi, ta hango tabarmi a ƙofar gida da mutane a kai, har da liman. Nan take ta fara lissafin wa ya zo don Allah, wa ya zo don ya ga matar da ta faɗi sunan mijinta a rediyo. Ta san za a yi wannan maganar ma, har ta san bakin da za ta fara fitowa.

Kafin su ƙarasa Badaru ya tsaya a kan hanya. Ya cire hula ya mayar, ya gyara murya, ya juyo ya fuskance ta.

"Yaya," ya ce, "ya haƙuri? Allah ya jiƙan Ja'afaru."

Aina'u ta kalle shi ido cikin ido, ta daɗe tana kallo, irin kallon da take yi wa masu kalwa. Ta duba sama, ta duba har ƙasa, ba ta samu tsakuwa ba.

"Amin," ta ce.